Yadda Za Ka Bi Rayuwa da Waƙoƙin PJ Harvey Daga Kundi Zuwa Kundi

Duk wanda ya rubuta sunan PJ Harvey a manhajar sauraron waƙoƙi, abin da zai fara cin karo da shi shi ne jerin waƙoƙinta da aka fi saurare, a cakuɗe, ta 1995 kusa da ta 2011, ta 2000 kusa da ta 1992. Idan ya bi wannan jeri yadda yake, da wuya ya kai waƙa ta biyar bai soma zaton cewa mata uku ko huɗu ne suke amfani da suna ɗaya ba, domin muryar da take ruri a kan jita a wannan waƙa ita ce za ta koma siririya, tana rawa, a ta gaba. Haka aikin wannan mawaƙiya 'yar Ingila yake tun farko: kusan kowane kundi da ta fitar, sai ta gindaya wa kanta wani sabon sharaɗi, ko kayan kiɗan da ba ta saba da shi ba, ko muryar da ba ta taɓa amfani da ita ba, ko wurin ɗaukar sauti da ba a saba gani ba, sannan ta juya wa kundin baya baya. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa a san ta ita ce a ɗauki kundi ɗaya sukutum, a fara gano sharaɗin da ta ɗora wa kanta a cikinsa, sannan a yanke hukunci.

Kafin ka kunna komai, ya kamata ka san inda ta fito, domin wurin yana dawowa a cikin aikinta har zuwa yau. An haifi Polly Jean Harvey ranar 9 ga Oktoba, 1969, a garin Bridport da ke yankin Dorset a kudu maso yammacin Ingila, ta kuma tashi a gona a ƙauyen Corscombe. Sana'ar iyayenta fasa dutse da sayar da shi, amma masu son kiɗa ne ƙwarai, kuma faya-fayen da ta taso tana ji a gida na kiɗan buluz ne na baƙaƙen fatar Amurka, da na Bob Dylan da Captain Beefheart. Ta fara da busa saksofon kafin ta kama jita, ta yi karatun zane-zane a kwalejin Yeovil, har ta samu gurbin karatun sassaƙa a makarantar Saint Martins da ke Landan, amma waƙa ta sha gaban karatun. A 1988 ta shiga ƙungiyar Automatic Dlamini ta birnin Bristol, wadda John Parish yake jagoranta. Ka riƙe wannan suna, domin za ka yi ta ganinsa a bayan kundayenta na shekara talatin masu zuwa.

Sai ka fahimci abin da ake nufi da irin kiɗan da aka sanya ta a cikinsa. A Birtaniya ta ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, akwai wani ɓangare na kiɗan rok da ya girma a wajen manyan kamfanonin faya-fayai, yana dogara da ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, da jaridun kiɗa na mako-mako kamar NME da Melody Maker, da kuma shirin dare na John Peel a gidan rediyon BBC. Ta wannan ƙofa Harvey ta shigo. A 1991 ta kafa ƙungiyar mutum uku, ita a kan jita da murya, Rob Ellis a kan ganguna, sai Steve Vaughan da ya zo ya riƙe jitar bes, kuma sunan ƙungiyar gaba ɗaya shi ne PJ Harvey. Wani ƙaramin kamfani mai suna Too Pure ne ya fitar da waƙarsu ta farko, Dress, a ƙarshen wannan shekara, John Peel kuwa ya yi ta sanya ta yana yabawa.

Shirin sauraron ba shi da wahala, amma kada ka yi sakaci da shi. Ka nemi abin sauraro na kunne mai kyau ko lasifika mai fitar da sauti mai kauri, domin lasifikar waya tana cinye rabin abin da ke cikin waɗannan kundaye. Ka buɗe rubutattun baitocin a gefe, saboda Ingilishinta yana da saƙo a cikin kalmomi ɗaiɗaiku, kuma a wasu waƙoƙin murya tana nutsewa a ƙarƙashin kiɗa. Ka kashe tsarin da yake gauraya waƙoƙi, ka bar kundin ya tafi daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Yawancinsu ba su kai awa guda ba. Ya kuma dace a faɗa tun yanzu cewa kundayenta na farko suna magana a fili kan sha'awa da kishi da tashin hankali tsakanin mace da namiji, da lafazin da ba na gaban yara ba ne, don haka mutum ya san inda zai kunna su, ko ma ya tsallake su idan ba su dace da shi ba.

Da wane za a fara? A ganina, da Stories from the City, Stories from the Sea na shekarar 2000, ko da yake shi ne na biyar. Shi ne mafi sauƙin shiga kunne: jita mai haske, amshi mai kama zuciya, waƙoƙin soyayya da aka rubuta tsakanin birnin Niyok da gaɓar tekun Dorset. Ta yi shi tare da Rob Ellis da Mick Harvey, wani mawaƙi ɗan Ostireliya da sunansu ya zo ɗaya ba tare da dangantaka ba, kuma Thom Yorke na ƙungiyar Radiohead ya rera waƙar This Mess We're In tare da ita. Sharaɗin da ta ɗora wa kanta a nan shi ne ta yi abu mai daɗi da kyau, bayan shekarun da ta yi tana waƙoƙi masu duhu. Wannan kundi ne ya ba ta lambar yabo ta Mercury, wadda ake bai wa kundin da ya fi fice a Birtaniya da Ailan kowace shekara, kuma ita ce mace ta farko da ta ci lambar a matsayin mawaƙiya mai cin gashin kanta. An sanar da nasarar ranar 11 ga Satumba, 2001, ranar da aka kai hare-hare a Amurka, tana birnin Washinton a lokacin, ta waya ta karɓi lambar. Ka saurare shi sau biyu ko uku har kunnenka ya san asalin muryarta idan ba ta matsa mata ba, domin da wannan ma'auni za ka auna duk sauran.

Daga nan ka koma baya zuwa Dry na 1992 da Rid of Me na 1993, ka saurare su a jere. Dry aikin mutum uku ne da ba su da kuɗi, an ɗauke shi a wani ƙaramin sutudiyo a Yeovil, kuma ƙarancin kayan aikin ya bar shi tsirara: ganga, bes, jita, murya, sai ɗan goge nan da can. Bayan fitowarsa manyan kamfanoni suka yi ca a kanta, ta zaɓi Island Records, sai dai maimakon ta yi laushi don kasuwa kamar yadda aka saba, sai ta tafi jihar Minnesota ta Amurka wajen Steve Albini, injiniyan sautin da aka sani da ɗaukar ƙungiya kamar yadda take kiɗa a cikin ɗaki, ba tare da shafe-shafe ba.

A nan akwai gargaɗin da ya shafi kunnenka kai tsaye. Waƙar farko ta Rid of Me tana farawa ƙasa-ƙasa, jita tana kaɗawa a daƙile, murya kamar raɗa, har mutum ya ɗauka sautin wayarsa ne ya ragu ya miƙa hannu ya ƙara. Kada ka ƙara. Bayan kimanin minti biyu ganguna da jita suna faɗowa gaba ɗaya da ƙarfin da ya ninka na farko sau da yawa, kuma wanda ya ƙure sauti zai yi saurin cire abin kunnensa. Da gangan aka bar wannan tazara tsakanin shiru da ƙara, kuma ita ce ginshiƙin kundin baki ɗaya, domin haka matar da ke cikin waƙoƙin take, tana lallashi a wannan baiti, tana barazana a na gaba. Idan ka gama, ka nemi 4-Track Demos da ya fito a watan Oktoba na 1993, wanda ya ƙunshi yadda ta fara ɗaukar da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi ita kaɗai a gida da ƙaramin rikoda. Ka ɗauki waƙa ɗaya, ka ji ta a nan, ka ji ta a can. Tun wancan lokaci masu sauraro suka rabu biyu kan wanda ya fi, wasu suna ganin Albini ya binne muryarta a ƙarƙashin ganguna, wasu suna ganin shi ya ba waƙoƙin haƙora. Ni ina tare da na biyun, amma amfanin gwadawar shi ne za ka gane da kunnenka abin da marubuciyar waƙa ta kawo da abin da sutudiyo ya ƙara. Wannan dabara za ta yi maka aiki har gaba, domin daga 2020 zuwa 2022 an sake fitar da kundayenta tare da irin waɗannan ɗaukar farko na kusan kowannensu.

Ƙungiyar mutum ukun ta watse a 1993, sunan PJ Harvey ya koma nata ita kaɗai. Kundin da ya biyo baya, To Bring You My Love na 1995, shi ne wanda ya kai sunanta ƙasashen waje sosai, kuma ta shirya shi tare da John Parish da wani furodusa da ake kira Flood. A nan gudu ya ragu, ogan mai gurnani ya maye gurbin bes a wurare da dama, buluz ɗin da ta ji tun tana yarinya ya fito fili, tare da hotuna na Littafi Mai Tsarki, hamada da ruwa da Shaiɗan da roƙon gafara. Ta kuma sauya kamanni a kan dandamali, ta ajiye baƙaƙen kaya marasa ado ta koma doguwar riga ja da kwalliya mai yawa da gangan.

Darasin da za ka koya a wannan mataki shi ne raba mai magana a cikin waƙa da wadda ta rubuta ta. Shahararriyar waƙar kundin, Down by the Water, labarin wata mata ce da ta nutsar da 'yarta a ruwa, tana ba da labarin da bakinta, har waƙar ta ƙare da raɗa mai tayar da tsikar jiki. Harvey ta sha kokawa a hirarrakinta cewa wasu suna ɗaukar baitocinta tamkar tarihin rayuwarta, alhali ƙirƙirarrun mutane ne take sanya wa murya, kamar yadda marubucin ƙagaggen labari yake yi. Ita mutum ce mai ɓoye al'amuranta na gida, kuma wanda ya zauna yana tonon waƙoƙinta don ya gano wanda ta so da wanda ta rabu da shi zai ɓata lokacinsa. Abin da ya fi amfani shi ne ka tambayi kanka a kowace waƙa: wane ne yake magana, da wa yake magana, kuma me yake ɓoyewa?

Shekarun da suka biyo baya za ka iya bi ta kansu da sauri a zagayen farko. A 1996 ta fitar da kundin haɗin gwiwa da John Parish, shi ya yi kiɗa ita ta rubuta baitoci, ta kuma rera waƙar Henry Lee tare da Nick Cave, mawaƙi ɗan Ostireliya. Is This Desire? na 1998 ya jingina da sautin na'urori da gajerun labaran mata masu sunaye daban-daban, kuma yana bukatar haƙuri. Uh Huh Her na 2004 ita ta kaɗa kusan komai a cikinsa in ban da ganguna. Ka ajiye su sai ka dawo.

Inda ya kamata ka tsaya ka daɗe shi ne White Chalk na 2007, domin a nan ne dabi'arta ta gindaya wa kai sharaɗi ta fi fitowa fili. Matar da duniya ta sani da jitar lantarki ta ajiye jitar, ta zauna a gaban fiyano, kayan kiɗan da ba ta ƙware a kansa ba, ta rubuta kusan dukkan kundin a kai, ta kuma ɗaga muryarta zuwa saman da ba ta saba rera waƙa a cikinsa ba. Idan ka kasa kunne za ka ji yatsunta suna taka maɓallan a hankali, tana maimaita 'yan sautuka kaɗan kamar mai koyon tafiya, kuma wannan rashin gwanintar ita ce ta ba waƙoƙin kamannin tsoro da kaɗaici. Sunan kundin yana nuni da farin allin tuddan Dorset. Bai wuce minti talatin da 'yan kai ba. Mutane da yawa ba sa son shi a ji na farko, don haka kada ka yanke masa hukunci sai ka ba shi dama ta biyu a wani lokaci da babu hayaniya.

Let England Shake na 2011 yana bukatar shiri na daban, wato ɗan karatun tarihi. Kundi ne a kan yaƙi da kuma abin da yaƙi ya yi wa Ingila da 'ya'yanta, kuma waƙoƙi da dama a cikinsa suna komawa ga yaƙin Galipoli na 1915, lokacin da sojojin Birtaniya da Faransa da Ostireliya da Niyuzilan suka yi yunƙurin kama mashigin Dardanel daga hannun Daular Usmaniyya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka kasa, aka yi asarar dubban rayuka a kowane ɓangare. Ka karanta ko da taƙaitaccen bayani ne a kan wannan kafin ka kunna, ka kuma tuna cewa lokacin da take rubuta shi sojojin Birtaniya suna Iraƙi da Afganistan. Ta fara rubuta baitocin ne kafin ta nema musu kiɗa, ta yi amfani da otohaf, wani kayan kiɗa mai tsirkiyoyi da yawa da ake rungumewa a ƙirji ana danna maɓallai da hannu ɗaya ana kaɗawa da ɗayan, aka kuma ɗauki sautin a cikin wata tsohuwar coci a Dorset tare da Parish da Mick Harvey da Flood.

Dabarar kundin ita ce kiɗan yana da sauƙi da daɗi, wani lokaci har kamar na rawa, alhali baitocin suna siffanta gawarwakin samari a filin daga. Ka lura da waƙar The Glorious Land, inda ake jin busar ƙahon soja tana shigowa ba a kan bugun kiɗan ba, kamar an kunna wani rediyo a ɗaki na kusa. Mai ji na farko yakan zaci matsala ce daga na'urarsa, amma haka aka shirya ta, domin kiran yaƙi ba ya jiran kowa ya gama abin da yake yi. A watan Afrilun 2010, kafin kundin ya fito, ta rera waƙar da ke ɗauke da sunansa a wani shirin siyasa na talabijin ɗin BBC, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Gordon Brown, yana zaune a wurin yana kallo. Wannan kundi ya sake ba ta lambar Mercury, ta zama ta farko a cikin mawaƙa, maza da mata, da ta ci lambar sau biyu, kuma a 2013 aka ba ta lambar girmamawa ta ƙasar Birtaniya mai suna MBE saboda hidimarta ga kiɗa. Idan kana da hali, ka kalli gajerun finafinai 12 da mai ɗaukar hoton yaƙi Seamus Murphy ya yi wa waƙoƙin, ɗaya ga kowace waƙa.

Da The Hope Six Demolition Project na 2016 kuwa, sai ka shiga da idon mai tantancewa. Ta yi tafiye-tafiye tare da Murphy zuwa Kosobo da Afganistan da Washinton, ta rubuta abin da ta gani, ta fara fitar da shi a littafin waƙe mai suna The Hollow of the Hand a 2015. A farkon 2015 ɗin aka gina mata sutudiyo a cikin ginin Somerset House da ke Landan, da bangon gilashi wanda na waje yake ganin na ciki, mutane suka sayi tikiti suna tsayawa suna kallon yadda ake haɗa kundin. Shi ne kundinta na farko da ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin Birtaniya, amma ya jawo suka, musamman daga wasu 'yan siyasar Washinton da suka ce waƙar The Community of Hope ta zana wata unguwar talakawa da baƙin fenti bayan gajeriyar ziyara. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, a ganina, domin a kundin 2011 ta shiga cikin mutanen da take ba da labarinsu, a wannan kuwa sau da yawa tana kallonsu ne ta tagar mota. Duk da haka kiɗan yana da ƙarfi, saksofon da amshin maza sun cika shi, kuma ka saurare shi ka yanke naka hukuncin.

Ka bar I Inside the Old Year Dying na 2023 zuwa ƙarshe. Ya fito ne daga kamfanin Partisan bayan ta bar Island, kuma an ciro baitocinsa daga Orlam, dogon waƙen da ta wallafa a 2022 cikin tsohon karin harshen Dorset, labarin shekara guda a rayuwar wata yarinya 'yar shekara tara a wani ƙagaggen ƙauye. Ko Baturen Landan ba zai gane kalmomi da yawa a ciki ba sai da taimako, shi ya sa littafin ya zo da fassarar daidaitaccen Ingilishi a gefe da bayanin kalmomi. Idan ka samu littafin, ka karanta waƙen da ya dace da kowace waƙa kafin ka ji ta. Idan ba ka samu ba, ka nemi ma'anar kalmomin da suka fi maimaituwa, sauran kuma ka bar sautinsu ya yi aikinsa tare da kukan tsuntsaye da sauran sautukan karkara da aka saƙa a cikin kiɗan.

Bayan ka gama wannan zagaye, sai ka koma ga kundayen da ka tsallake, ka haɗa da A Woman a Man Walked By na 2009, haɗin gwiwarta na biyu da Parish, da kuma The Peel Sessions 1991–2004 da ya fito a 2006, bayan rasuwar John Peel a 2004, wanda ya tattara waƙoƙin da ta ɗauka musamman domin shirinsa. A wannan karo ka riƙa duba bayanan da ke tare da kowane kundi, ka ga wanda ya buga ganga da wanda ya shirya sauti da inda aka ɗauka, domin sunayen Parish da Ellis da Flood da Mick Harvey suna shiga suna fita, kuma da zarar ka iya gane hannun kowannensu za ka iya ware abin da yake nata ita kaɗai. Tarin B-Sides, Demos and Rarities na 2022, mai waƙoƙi 59, na wanda ya riga ya san kundayen ne, don haka kada ka taɓa shi kafin wannan lokaci.